Darasi: Auna Ɗan Takara Kafin Ka Ba Shi Ƙuri'a

Duk bayan shekara huɗu ana babban zaɓe a Najeriya. Idan lokacin ya ƙarato, garin Haɗeja kan cika da fastoci da motocin lasifika. Haka ma Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Guri da Kirikasamma. Waɗannan ƙananan hukumomi takwas su ne masarautar Haɗeja, kuma su ne suke haɗuwa su zaɓi sanata ɗaya, na Jigawa ta Arewa maso Gabas. A majalisa da kasuwa da bakin kogi zancen ɗaya ne: wa ya dace da kujerar?

Sau da yawa gardamar takan ƙare da zagi. Wannan ya ce wane ɓarawo ne, wancan ya ce ƙarya kake, a tashi baram-baram ba wanda ya ƙaru. Wannan darasi ba ya goyon bayan kowace jam'iyya. Zai koya mana tambayoyi uku da za mu yi a kan duk wanda ya zo neman babban muƙami. Ya cancanta? Yana da gaskiya? Ya shirya? Mai sayen sa a kasuwa yakan duba haƙori da ƙafa kafin ya biya kuɗi. Wanda za a ba wa amanar jiha guda ya fi buƙatar dubawa.

Tambaya ta farko: Ya cancanta?

Ba mu ne muke yanke wannan da son ranmu ba. Tsarin mulkin ƙasa na 1999 ya shimfiɗa sharuɗɗa. Sashe na 177 ya ce mai neman gwamna dole ya zama ɗan Najeriya ta haihuwa. Dole ya kai shekara 35. Dole ya zama ɗan wata jam'iyya, kuma jam'iyyar ce ta tsayar da shi. Dole iliminsa ya kai matakin sakandare ko daidai da shi.

A 2018 an yi wa tsarin mulkin gyara don a buɗe wa matasa ƙofa. An rage shekarun mai neman shugaban ƙasa daga 40 zuwa 35. An rage na ɗan Majalisar Wakilai da na ɗan majalisar jiha daga 30 zuwa 25. Na gwamna da na sanata suna nan a 35.

Akwai kuma abubuwan da suke hana mutum takara. Wanda aka zaɓa gwamna sau biyu ba zai sake nema ba. Ma'aikacin gwamnati sai ya ajiye aiki aƙalla kwana 30 kafin ranar zaɓe. Wanda kotu ta hukunta da laifin zamba ko rashin gaskiya sai ya jira shekara 10. Ɗan ƙungiyar asiri ba shi da hurumi. Wanda ya kai wa hukumar zaɓe, wato INEC, takardar jabu, shi ma ya fita.

A lura da abu guda. Doka ba ta ce sai mai digiri ba. Saboda haka kada mu raina mutum don bai je jami'a ba, kada kuma tarin takardu ya rufe mana ido. Sharuɗɗan doka matakin farko ne kawai. Wanda ya cika su an ba shi izinin shiga fili, ba a ce ya iya mulki ba.

Tambaya ta biyu: Yana da gaskiya?

Kowane ɗan takara yakan cike fom ya yi rantsuwa a kansa. A ciki yake rubuta shekarunsa da makarantun da ya yi da wuraren da ya yi aiki. Dokar Zaɓe ta 2022 ta umarci INEC ta kafe waɗannan bayanai a mazaɓar ɗan takarar cikin kwana bakwai da karɓarsu, don jama'a su gani. Ta kuma ba kowa damar neman kwafe idan ya biya kuɗin da aka ƙayyade. A nan iya karatu yake yi mana rana. Mai karatu zai je ya duba da idonsa, ba sai an ba shi labari ba.

Ƙarya a wannan fom ba ƙaramin abu ba ce. A 1999 an zaɓi Salisu Buhari, ɗan majalisa daga Kano, ya zama kakakin Majalisar Wakilai. Ya ce yana da digiri daga Jami'ar Toronto ta ƙasar Kanada, ya kuma ƙara wa kansa shekaru. Wata mujalla ta bi diddigi ta gano ba haka ba ne. A watan Yuli na wannan shekarar ya sauka daga kujerar. A jihar Bayelsa kuwa, ranar 13 ga Fabrairu, 2020, Kotun Ƙoli ta soke zaɓen David Lyon ana gobe za a rantsar da shi gwamna, saboda matsalar da aka samu a takardun mataimakinsa. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Amma gaskiya ba a takarda kaɗai ta tsaya ba. Malamai sun koya mana cewa wanda za a ɗora wa aiki ana neman abu biyu a tare da shi: iya aikin da riƙon amana. Don haka mu tambaya. Da wace sana'a ya tara dukiyarsa? In ya taɓa riƙe muƙami, yaya ya shiga, yaya ya fita? Doka ta wajabta wa masu muƙami su bayyana kadarorinsu ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata a farkon wa'adi da ƙarshensa. Ya yi? Alƙawarin da ya ɗauka a zaɓen baya, ina ya kwana? In ya ce ya gina asibiti ko ya haƙa rijiyar burtsatse, a wane gari? A je a gani.

Mu ma akwai gaskiyar da ta hau kanmu. Zargi daban, hukuncin kotu daban. Ba duk abin da aka turo a WhatsApp ko Facebook ne gaskiya ba. Wanda ya yaɗa ƙage a kan ɗan takara ya ɗauki alhaki, ko da ba ya son mutumin.

Tambaya ta uku: Ya shirya?

Mutum zai iya cika sharaɗin doka, ya kuma zama mai gaskiya, amma bai san aikin ba. A ƙasar Haɗeja akwai jarrabawar da ba a iya satar amsarta: kogi.

Rayuwarmu a jikin kogin Haɗeja take. A fadamarsa ake noman shinkafa da alkama da kayan lambu. A cikinsa masunta suke samun abinci, a gefensa makiyaya suke kiwo da rani. Ruwansa daga jihar Kano yake gangarowa. An gina dam ɗin Tiga a 1974, na Challawa kuma a 1992. Tun daga nan tafiyar ruwan ta canza. Ciyawar kacala ta cika hanyoyin ruwa da yawa ta toshe su. In ruwa ya rasa hanyarsa, sai ya malala cikin gonaki da gidaje a wani wuri, wani wurin kuma ya bushe. Tsuntsayen jan-baki suna fakewa a cikin kacalar, su fito su cinye shinkafa. A 2020 da 2022 ambaliya ta yi mummunar ɓarna a wannan yanki. Gonaki sun nutse, gidaje sun rushe, mutane da yawa sun kwana a makarantu.

To, duk wanda ya zo neman ƙuri'ar mutanen Haɗeja, a tambaye shi:

Ta yaya za ka yashe kogi ka cire kacala, kuma nawa aikin zai ci?

Wace jinga za ka fara ginawa, a wane gari, a wace shekara?

Yaya za ka yi manomi ya sami taki da iri kafin lokacin shuka ya wuce?

Yaya za ka kare burtali da mashaya, don manomi da makiyayi su zauna lafiya a Guri da Kirikasamma?

Wanda ya shirya zai amsa da sunan wuri da lissafi da lokaci. Wanda bai shirya ba zai ce, "Ku dai ku zaɓe ni, komai zai yi daidai."

Wanda ya shirya ya kuma san iyakar kujerar da yake nema. Dam ɗin Tiga da na Challawa da aikin noman rani na Auyo suna hannun Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda ta gwamnatin tarayya ce. Gwamnan Jigawa ba shi yake buɗe dam ba. Sai ya iya zama da tarayya da maƙwabtan jihohi. Shi kuwa sanata, aikinsa yin doka da amincewa da kasafin kuɗi da sa ido a kan hukumomi. In mai neman sanata ya yi alƙawarin abin da gwamna kaɗai zai iya yi, ko dai bai san aikin ba, ko kuma yana yaudararmu.

Karanta wannan hira

Wani dattijo manomi da wani saurayi masunci suna zaune bayan la'asar.

Saurayin ya ce, "Baba, ni na gama shawara. Ɗan garinmu zan zaɓa. Naka naka ne."

Dattijon ya ce, "Yaro, son naka ba laifi ba ne. Amma da ruwa ya ci gonakin mutane, ka gan shi?"

"A'a, Baba. Amma ya aiko da taliya da atamfa a makon jiya."

"Taliyar kwana nawa za ta yi a gidanka?"

"Ba za ta wuce kwana uku ba."

"Shi kuma kujerar shekara nawa zai yi a kanta?"

"Huɗu."

"To ka yi lissafi. Ni ban ce kada ka zaɓe shi ba. Ka je ka karanta takardarsa da aka kafe. Ka tambayi waɗanda suka yi aiki da shi. In ya zo taro, ka yi masa tambayar kacala. In ya amsa da kyau, ni ma zan duba lamarinsa."

Saurayin ya ce, "Na ji, Baba. In na dawo zan kawo maka abin da na samo."

Ka ga yadda dattijon ya yi. Bai zagi kowa ba. Bai tilasta wa yaron ra'ayinsa ba. Tambaya ya yi, ya nemi hujja, ya kuma nuna shi ma zai iya canzawa in hujja ta zo. Haka muhawara mai amfani take.

Batun ɗan gida

An ƙirƙiri jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991. Gwamnonin farar hula huɗu na farko su ne Ali Sa'ad Birnin Kudu da Ibrahim Saminu Turaki da Sule Lamido da Muhammad Badaru Abubakar. Ba ɗayansu da ya fito daga masarautar Haɗeja. A zaɓen 18 ga Maris, 2023, Umar Namadi, ɗan Kafin Hausa, ya yi nasara a jam'iyyar APC. Babban abokin karawarsa shi ne Mustapha Sule Lamido na PDP. Neman a dama da kowane yanki haƙƙi ne. Amma gwamna na jiha ne baki ɗaya. Doka ma ta ce kafin mutum ya ci, bayan ya fi kowa ƙuri'a, sai ya sami aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na ƙananan hukumomi. A Jigawa mai ƙananan hukumomi 27, wannan yana nufin 18. Saboda haka ɗan gida da baƙo, ma'auni ɗaya za a yi musu.

Sayar da ƙuri'a kuwa laifi ne a doka, ga mai bayarwa da mai karɓa. Wanda ya sayi ƙuri'arka ba zai ji kunyarka gobe ba, don a ganinsa ya riga ya biya ka.

Tambayoyi

1. Faɗi sharuɗɗa huɗu da tsarin mulki ya sa wa mai neman gwamna.
2. Me ya sa Salisu Buhari ya sauka daga kujerarsa a 1999?
3. Wace ɓarna kacala take yi wa manoma da masunta?
4. Mene ne bambancin zargi da hukuncin kotu?
5. Ƙananan hukumomi nawa ne kashi biyu cikin uku na 27?

Aikin rubutu

Rubuta tambayoyi uku da za ka yi wa mai neman kujera in ya zo garinku. Ka karanta wa 'yan ajinku, ku zaɓi waɗanda suka fi muhimmanci.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, in kun kai shekara 18, ku yi rajista ku karɓi katin zaɓe ku adana shi. Ku saurari kowane ɗan takara, ku karanta takardunsa, ku tambaye shi a kan kogi da gona da makaranta da asibiti. Ranar zaɓe ku fito da wuri, ku dangwala wa wanda ya cancanta, mai gaskiya, wanda ya shirya. Allah ya ba mu shugabanni nagari.