Gyaran jirgin katako da amalanke ya ɓata

Masunci, wannan darasi naka ne. Daga tabkin Madarunfa har zuwa ƙananan tabkunan da damina ke cikawa wajen Gangara da Gazawa, wanda ke da jirgin katako yakan so ya kai shi inda kifi yake. Sai a aza shi bisa amalanken shanu. A nan ɓarna ke farawa.

Jirgi, ruwa ne ke tallafe da cikinsa daga goshi har gindi. Gadon amalanke kuwa gajere ne. In jirginka mita 6 ne, gadon kuma mita 2, to mita 4 suna reto a iska. Kowane rami aka faɗa, bakin gadon sai ya tokare cikin jirgin. Ka isa ka tarar ƙasansa ya lotsa, haƙarƙari ya tsage, ƙusoshi sun saki.

Kada ka ɗauki guduma. Busasshen katako ba ya komawa da duka, karyewa yake yi. Ka sauke jirgin a inuwa, wuri mai shimfiɗa. Ka jera itatuwa a ƙarƙashinsa, kowane taki guda, amma ka bar wurin da ya lotsa ba matokari. Ka rufe wurin da buhunan garara jiƙaƙƙu, kana ƙara musu ruwa safe da marece. Bayan kwana 3 ko 4 katakon zai yi laushi. Sa'an nan ka aza buhun rairayi guda daga ciki, kan ƙusumbin. Gobe ka ƙara wani. Kowace safiya ka ja igiya daga goshi zuwa gindi ka ga yadda yake miƙewa. Aikin yana iya cin mako 2. Mai gaggawa a nan, sabon katako zai saya.

Wasu sukan cika jirgin da ruwa don nauyi ya danne shi. Wannan kuskure ne. Lita 1 ta ruwa kilo 1 ce. Ganga 2 kawai kilo 400 ke nan, suna tura katakan waje, inda ƙusa ba ta da riƙo.

Da ya miƙe, kada ka ɗage buhunan sai ya sha iska. Haƙarƙarin da ya tsage, ka bar shi, ka kafa masa sabo a gefensa, wanda ya wuce tsagewar da taki guda kowane ɓangare. Iccen ƙirya ya fi, amma taurinsa na lanƙwasa ƙusa, sai ka fara huda shi. Ka nemi farar ƙusa wadda ba ta saurin tsatsa. In katako ya tsage a tsaye, ka huda ɗan rami daidai ƙarshen tsagewar don ta tsaya nan.

Tsakanin katakai, ka cusa auduga ko tsumma, ba da ƙarfi ƙwarai ba, don icce zai kumbura cikin ruwa. Ka narka kwalta nesa da jirgin da yara, ka shafe. Ka bar shi kwana 2 a bakin tabki kafin ka shiga zurfi.

Ran da za ka sake tafiya, ka ɗaura dogayen azara 2 bisa amalanken, tsawonsu kusan na jirgin, ka shimfiɗa tsofaffin tayoyi, ka ɗaure a wuri 3. Koma da kaya, a ɗauko su daban.