Zafin da ƙasa da shuka ke fitarwa

Ƴan'uwa manoma, in kun tsaya kusa da bangon laka bayan magariba, kukan ji ɗumi a fuska, alhali rana ta faɗi. Bangon ne ke maido zafin da ya sha tun safe. Kowane abu yana fitar da irin wannan zafi: ƙasa, dutse, ganye, har jikin mutum. Ido ba ya ganinsa, amma akwai na'urar da ke auna shi daga nesa. Kun ga irinta a shekarar 2020, lokacin cutar korona, ana nuna ta ga goshin mutane.

Sai dai abubuwa biyu masu zafi ɗaya ba su sakinsa daidai wa daida. Tukunyar ƙasa tana saki sosai, kwanon ƙarfe mai ƙyalli kuwa kaɗan yake saki. Ɗanyen ganye yana sakin kusan kashi 98 cikin 100 na iyakar abin da zai yiwu. Busasshen rairayin jigawa bai kai haka ba. Shi ya sa in an nuna na'ura ga rairayi ba a gyara lissafi ba, sai ta faɗi zafin da bai kai na gaskiya ba.

Don a san kason kowace ƙasa, masana sukan kifa mata akwati marar gindi, mai ƙyalli daga ciki. Zafin ya rasa hanyar fita, na'ura ta karanta shi cikakke. Sannan su kwatanta da awon da suka yi a sarari. A shekarar 1992 masana daga ƙasashe da yawa sun yi awon zafi da laima a gonakin hatsi kusa da Yamai. Cibiyar AGRHYMET ta Yamai, wadda aka kafa a 1974, tana bin tafiyar damina da hotunan tauraron ɗan Adam.

Ina amfanin wannan ga manomi? Shuka tana gumi kamar mutum. In akwai laima a saiwa, ruwa yana fita ta ganye, ganyen ya yi sanyi. In ƙishi ya kama ta, sai ta rufe ƙofofin ganyenta, ganyen ya ɗau zafi tun bai yi yaushi ba. Mai awo yana gane ƙishin gona kafin ido ya gani.

Ƙasa tsirara kuma, da tsakar rana zafinta yakan wuce digiri 50. Wannan yana ƙone hatsin da ya tsiro jiya, a koma neman iri. Na san ana bukatar kara don darni da abincin bisashe, amma kada a kwashe shi duka.

Ku gwada da azahar. Ku aza tafin hannu bisa rairayin da rana ke duka, sannan ku sa shi ƙarƙashin karan da aka shimfiɗa a gona.