Ƙugin Lantarki a Jitar Akwatin Taba

A ƙarni na 19 talakawan Amurka waɗanda ba su da halin sayen kayan kiɗa sukan ɗauki ƙaramin akwatin katako da aka gama sayar da tabar da ke cikinsa, su soka masa sanda, su ɗaura tsirkiya, shi ke nan sun sami abin kaɗawa. Wani zane na Edwin Forbes, na shekarar 1876, ya nuna sojan yaƙin basasar ƙasar yana goga irin wannan akwati. Dabarar ba baƙuwa ba ce a wajenmu, domin kuntigin da marigayi Ɗan Maraya Jos ya shahara da shi da gwangwanin kifi ake haɗa shi. Masu ƙera jitar akwati a yau sukan sa mata tsirkiya uku ko huɗu, sannan su jona ta da amfilifaya, wato na'urar ƙara sauti. To, a nan ne sau da yawa murna kan koma ciki: ana kunnawa, tun ba a taɓa tsirkiya ba, sai lasifika ta kama ƙugi kamar gidan zuma.

Kafin a nemi magani, ya kamata ɗalibi ya san yadda sautin yake zama lantarki. Abin da ke wannan aiki shi ake kira fikof, kuma iri biyu ne. Na farko maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla sau dubbai. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a kansa sai lantarki ya motsa a cikin naɗin, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831. Na biyu ɗan faifan fizo ne, wanda ke fitar da lantarki idan an matsa shi ko an girgiza shi, halin da 'yan'uwa biyu, Jacques da Pierre Curie, suka gano a 1880. Ko wanne aka sa, ƙarfin abin da yake fitarwa bai cika kai bolt ɗaya ba, don haka amfilifaya take ninka shi ninkin ba ninkin.

Matsalar ita ce amfilifaya ba ta san kiɗa ba. Duk abin da aka ba ta shi take ninkawa. Wutar da ke cikin wayoyin bango tana kai da komowa sau 50 a daƙiƙa a Nijeriya da Nijar, sau 60 a Amurka, kuma tana baza tasirinta a ɗakin. Wayoyin jita, da jikin makaɗin kansa, suna tsintar wannan kamar yadda eriyar rediyo ke kama tasha. Ashe ke nan ƙugin ba a cikin akwatin aka haife shi ba, muryar wutar ɗakin ce.

A fara da cire jitar daga amfilifaya a kaɗa ta haka nan. In an ji zizar tana nan, aikin kafinta ne: murfi bai zauna ba, ko wani noti ya kwance, ko tsirkiya tana gugar wuya. In babu, a jona wayar haɗi ita kaɗai, a kuma gwada wata, domin wayar da ta tsinke a ciki ta sha jawo wa jita zargin banza.

Gwaji mafi amfani kuwa da yatsa ake yin sa, amma da sharaɗin amfilifayar ta batir ce, saboda dalilin da za mu zo kansa. Kowace da'irar jita tana da hanya biyu: wayar sauti da wayar ƙasa. A fulogin jita, mai kaurin milimita 6.35, tsinin shi ne na sauti, gangar jikin kuma ta ƙasa. Yanzu a dafa tsirkiya a saurara. Idan ƙugi ya ragu, alama ce mai kyau: tsirkiyar tana haɗe da wayar ƙasa, kuma abin da jikinka ya tsinto ya sami hanyar zurarewa. Idan bai canza ba, mai yiwuwa tsirkiyar ba ta haɗu da komai ba. Wannan ya zama ruwan dare a jitar akwati, domin gadar da tsirkiya ke hawa sau da yawa katako ce ko ƙashi. Maganinsa a jawo waya daga ƙarfen da aka ɗaure gindin tsirkiyoyin zuwa bayan maɓallin ƙara murya. Idan kuwa ƙugin ƙaruwa ya yi da aka taɓa tsirkiya ko bakin soket, kusan ko yaushe an juya wayoyin soket ne, ta sauti ta koma gurbin ta ƙasa. Kuskure ne mai sauƙin yi, don kunnuwan soket biyun sun yi kama; mitar auna lantarki za ta nuna wanne ne ke haɗe da wane sashe.

Ƙarar da ke zuwa tana ɗaukewa idan an girgiza akwatin, ita kuma yawanci likin dalma ne bai kama ba. Liki mai kyau sumul yake; wanda ya dunƙule kamar tsakuwa a sake narka shi.

Katako ba ya tare tasirin lantarki, saboda haka ake shimfiɗa takardar tagulla ko ta alminiyam a cikin akwatin, a haɗa ta da wayar ƙasa. Wannan shi ne kejin Faraday na 1836, kuma malamin kimiyya zai yi wuya ya sami misalinsa mai araha kamar wannan. Sai dai a kula: takardar da ba a haɗa da wayar ƙasa ba aikin banza ce, kuma in ta taɓa wayar sauti jitar za ta yi tsit gaba ɗaya. Fizo ya fi kowa bukatar wannan kariya, tare da gajeriyar waya mai sulke.

Akwai kuma ƙugin da takarda ba ta iya masa, wato wanda maganaɗisun taransifoma ko injin fanka ke cusawa cikin naɗin fikof. Ana gane shi idan makaɗi ya juya jikinsa a hankali sai ƙugin ya ragu ta wata fuska, ya ƙaru ta wata. Domin shi ne Seth Lover na kamfanin Gibson ya nemi rajistar fikof mai naɗi biyu a 1955. An tsara naɗin biyu da maganaɗisunsu a saɓa, ta yadda ƙugin ɗaya yake kashe na ɗayan, sautin tsirkiya kuwa ya haɗu ya ƙaru.

Sharaɗin batir ɗin nan ba tsoratarwa ba ce. Da zarar an haɗa tsirkiya da wayar ƙasa, hannun makaɗi ya haɗu ke nan da jikin amfilifaya. In ta lalace a ciki, kuma soket ɗin bango ba shi da wayar ƙasa ta gaskiya, wutar gida mai bolt 230 za ta iya bi ta jikinsa. Haka Leslie Harvey ya rasu a kan dandamali a Swansea a 1972, Keith Relf kuma a gidansa a 1976. Wasu sukan karya ƙafa ta uku ta fulogin amfilifaya don ƙugi ya ragu. Kada ɗalibi ya kuskura. Cikin akwatin jita nasa ne ya buɗe ya gyara yadda ya so, amma cikin amfilifaya mai aiki da wutar gida sai ƙwararren mai gyara, domin tana iya riƙe wuta ko bayan an zare ta daga bango.