Wasiƙa zuwa ga samarinmu masu yaƙi da dodanni a cikin waya

'Ya'yana da ƙannena na Damaga, da na Mafara, Bakura da Maradun,

Wani dare ne ya sa na ɗauki alƙalami. Na kwana ɗaki ɗaya da ɗan ƙanena, na farka wajen ƙarfe biyu na tarar da shi dunƙule a kan tabarma, manyan yatsunsa na rawa a kan gilashin wayar da ya tsage ta kusurwa. Wani dodo mai ƙaho ne ya tare masa gada. Na ce, "Sau nawa ya kashe ka?" Ya ce, "Baba, na daina ƙirga tun a ashirin. Amma na gane shi yanzu: in ya ɗaga hannun hagu sau biyu, ƙirjinsa a buɗe yake." Bai runtsa ba sai da ya kayar da shi. Sallar asuba kuwa sai da rana ta fito.

Raina ya ɓaci, amma ba zan ce muku wasan banza ba ne. Hidetaka Miyazaki na kamfanin FromSoftware a Japan, wanda ya jagoranci Dark Souls a 2011 da Elden Ring a 2022, da gangan yake tsananta wasanninsa. Ana jefa ka cikin wata duniya mai tarihinta da rusassun masarautunta, ka fara da tsumma da guntun takobi, babu mai lallashinka. Ka faɗi, ka tashi, ka koma da abin da ka koya. Daɗin irin wannan wasa shi ne ba ya cin amana: wanda ya jure zai ga sakamako.

A nan ne na fahimce ku. A wajenmu mutum zai yi sharar gona, ya yi shuka, ya yi noman farko da maimai, gero ya nuna, sai 'yan bindiga su hana shi girbi ko su ɗora masa haraji. Kakanninku sun ga yadda ruwan dam ɗin Bakolori ya cinye gonaki, da jinin manoman da aka zubar a 1980 don sun nemi diyya. Yaron da ya tashi yana ganin gumi na tafiya a banza, in ya sami wurin da wahala ke biya, yaya ba zai tare a can ba?

Sai dai ku tuna, dodon waya ba ya gudu. Inda ka bar shi nan za ka same shi bayan salla, bayan ka kai wa Inna ruwa. Jarrabawa da damina su ne ba sa jira. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kamuwa da wasannin bidiyo cikin jerin cututtuka, kuma alamarta ba yawan wasa kaɗai ba ce: ka so bari ka kasa, ka ga karatunka da zumuncinka na lalacewa ka ci gaba. Ku kiyayi kuma irin su Genshin Impact, waɗanda ake saukewa kyauta sannan a riƙa jan ka ka zuba kuɗi, ko ka dace da jarumin da kake so ko ka tashi a tutar babu. Wannan ƙanwar caca ce, kuma kuɗin data da na caji ma sun ishe ku nauyi.

Akwai abin da ke ci mini rai fiye da wannan. Duk dodannin da kuke yaƙa na wasu ne. Mu da muke da Gizo da Ƙoƙi, da Gandoki na Bello Kagara mai yawo cikin aljanu tun 1934, da dutsen Kwatarkwashi da labaransa! A Kamaru, Olivier Madiba da abokansa na Kiro'o Games sun fitar da Aurion a 2016, suka gina shi kan al'adun Afirka. Ku da ke karatun kwamfuta a Kwalejin Abdu Gusau ta Mafara, da ku nake.

Na ba ɗan ƙanena kwafina na Gandoki, na ce ya zana mini taswirar tafiyarsa. Jiya ya aiko mini hoton shafin farko, ya yi shi da biro a bayan littafin lissafi.

Naku,
Babanku daga Damaga