Darasi Na 14: Tunawa Da Ranar Aure

A ƙasarmu ta Zuru aure ba ya samuwa da arha. Dukanmu mun san golmo. Saurayi ya kan yi wa uban yarinya noma, damina bayan damina, har shekara bakwai, kafin a ba shi ita. Amma ga abin mamaki. Mutum ya yi shekara bakwai yana sunkuye don ya sami mace, da ta shiga ɗakinsa kuwa, sai ya ga aiki ya ƙare. Shekara ashirin ta wuce bai ba ta ko yini ɗaya na hutu ba.

Aure kamar gona ya ke. Wanda ya yi shuka ya ƙi noma, ciyawa ce za ta ci gonarsa. Yau za mu karanta labarin wani manomi da ya gane haka.

Yadda suka yi shiri

Manomin nan yana zaune a wani ƙauye kusa da Zuru. Ranar da aka ɗaura masa aure, wani ɗan'uwansa ya rubuta ranar da watan a bangon wani littafi. Wata rana yana duba littafin, sai ya ga saura wata uku aurensu ya cika shekara ashirin. Ya dubi matarsa tana daka. Ya tuna ta haifa masa 'ya'ya biyar, ba ta taɓa wuce Kontagora ba. Ya tuna kuma an daɗe ba su yi hira ba, sai maganar hatsi da kuɗin makaranta.

Ya ce, "Uwargida, in Allah ya kai mu bayan Uhola, za mu yi tafiya, ni da ke."

Ta ce, "Wa ya rasu, Maigida?"

Ya ce, "Ba wanda ya rasu. Kallo za mu je."

Maƙwabta suka ji, suka yi ta dariya. Suka ce mutum da furfura zai zubar da kuɗi don ya ga giwa. Bai tanka musu ba. Bai ci bashi ba, bai kuwa taɓa rumbun abinci ba. Ya sayar da akuya biyu, ita kuma ta fasa asusunta. Suka bar yara a hannun ƙanwarta.

Ina za su?

Akwai wani gandun namun daji da ba shi da nisa sosai da mu, shi ne na Tafkin Kainji. Sassansa biyu ne, Borgu da Zugurma. Amma a shekarun baya-bayan nan 'yan bindiga sun shiga waɗansu sassan dajin. Saboda haka suka zaɓi Yankari, a Ƙaramar Hukumar Alkaleri ta Jihar Bauchi. Suka tambayi direbobi labarin hanya tukuna. Suka bi ta Rijau da Kontagora, suka kwana a hanya, ba su yi tafiyar dare ba. Daga garin Bauchi suka kama hanyar Gombe, suka ratse a Dindima, har ƙofar gandun a Mainamaji.

An keɓe dajin Yankari a shekarar 1956, aka buɗe shi ga masu kallo a 1962. A 1991, watau shekarar da aka kafa Jiharmu ta Kebbi, ya zama gandun Gwamnatin Tarayya. A 2006 ya koma hannun Jihar Bauchi. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,244. Ba a noma a ciki, ba a kiwo, ba a farauta.

Abin da suka gani a daji

Masaukin baƙi yana wani wuri da a ke kira Wikki. Can akwai wata maɓuɓɓuga da ke fitowa daga gindin dutse. Ruwanta garau, ana ganin yashin ƙasa. Ɗuminsa awo 31 ne, rani da damina ba ya sakewa. Uwargida ta tsoma ƙafafunta da suka sha tafiya rafi, ta yi ajiyar zuciya.

A masaukin akwai gwaggon biri da yawa, ba su tsoron mutane. Ɗaya ya fizge ƙullin ƙuli-ƙulin Maigida ya haye rufi. Matarsa ta yi dariya har da hawaye. Ya ce a ransa, ko wannan dariya kaɗai ta biya akuya guda.

Da sassafe suka shiga mota tare da ɗan jagora. Ba a yarda baƙo ya shiga dajin shi kaɗai ba. Da rani tafkuna su kan ƙafe, dabbobi su taru a bakin Kogin Gaji, shi ya sa rani ne lokacin kallo. Suka ga ɓauna da gwanki da gadu da kada. Can sai ga garken giwaye.

Ɗan jagora ya ce, "Ku dubi ta gaban nan. Tsohuwar mace ce ke jan garke, don ita ta san inda ruwa ya ke. Giwa kuma ta kan yi wata 22 da ciki kafin ta haihu."

Uwargida ta ce, "Ka ji ko, Maigida?"

Ya ce, "Na ji. A gidanmu ma haka abin ya ke, faɗi ne ba mu yi."

Kogwannin dutse

Rana ta biyu aka kai su kogwanni. Kogo shi ne rami a jikin dutse. Waɗannan guda 59 ne, kuma ba ruwa ko iska suka yi su ba. Mutane ne suka fafe dutsen da hannu. Ƙofar ko wane ɗaya ƙarama ce, zagayayya, sai an durƙusa a ke shiga. Ciki kuwa da fili kamar ɗan ɗaki. A jikin dutsen akwai zane-zane, waɗansu miƙaƙƙu, waɗansu masu lanƙwasa. Wani Bature mai suna Marshall ya binciko su a 1980, shi ya sa a ke kiransu da sunansa. Ana jin mutanen da suka fafe su sun yi haka ne don ɓuya daga mahara masu kama bayi.

Mu mutanen Zuru mun san irin wannan zama. Kakanninmu ma a bisa duwatsu suka zauna don tsoron hari, sai da zaman lafiya ya samu suka sauko fili.

Uwargida ta leƙa ciki, ta yi shiru. Sa'an nan ta ce, "Wata mace ta yi goyo a nan. Ina ta ke ɗebo ruwa? Ina ta ke hura wuta, hayaƙi bai tona su ba?"

Maigida ya ce, "Wanda ya fafe wannan ba don kansa kaɗai ya fafe ba. Wannan ma golmo ne, amma na har abada."

Suka zauna a bakin kogon, suka tuna shekarar da fari ya cinye musu dawa, da ɗansu na biyu da ya rasu. Tun rasuwarsa ba su taɓa yin maganarsa tare ba, sai ran nan.

Ran kwana shida suka komo gida. Akuyoyin nan biyu ba su komo ba. Amma yanzu in an gama tuwon dare, ya kan jawo tabarmarsa kusa da tata, su yi hira.

Abin da za mu koya

Ba kowa ke da halin zuwa Yankari ba, ba kuwa dole ba ne. Wanda ba shi da hali ya kai matarsa Zuru ran kasuwa, su shiga gidan kayan tarihi. Ko su hau dutsen da kakanninsu suka zauna, su komo kafin magariba. Sharuɗɗa uku ne kawai. Kada a ci bashi. Kada a bi hanyar da ba a tambayi lafiyarta ba. Kada a bar ranar ta wuce kamar sauran ranaku.

Tambayoyi

1. Mene ne golmo?
2. Don me suka zaɓi Yankari?
3. Kogwanni nawa ne, wa ya fafe su?
4. Don me dabbobi ke taruwa a bakin Kogin Gaji da rani?
5. Lissafi: daga 1956 zuwa 2006 shekara nawa ne?

Aikin gida

Ko wane ɗalibi ya rubuta shekarar da ya yi aure. In ya manta, ya tambayi dattawa abin da ya faru a shekarar, malami zai taimake shi lissafi. Mai gida ya tambayi matarsa inda ta ke sha'awar gani. Mace ta tambayi mijinta. A rubuto sunan wurin, a kawo aji.