Darasi: Matafiyi da Makaminsa a Ƙasar Amurka

'Yan'uwa, da yawa daga cikinmu suna da 'ya'ya ko dangi a Amurka, waɗansu wurin karatu, waɗansu wurin aiki. Mun sha jin ana cewa a can kowa yana da izinin riƙe bindiga. Maganan nan rabinta ne gaskiya, ragowar rabin kuwa ya kai mutanen kirki kurkuku. A watan nan za mu duba abin da ya wajaba ga mai makami in zai yi tafiya zuwa jihar da dokarta ta fi ta jiharsa tsanani.

1. Ƙasa ɗaya, dokoki da yawa

A Nijeriya dokar bindigogi ta 1959 ɗaya ce ga dukan ƙasa. A Amurka ba haka ba ne. Jihohi 50 ne, kowace da majalisarta. Gyara na biyu na tsarin mulkinsu, wanda aka tabbatar a 1791, ya ba jama'a ikon mallakar makamai, amma kowace jiha ita ke tsara yadda za a riƙe su. A 2024 jihohi 29 sun yarda baligi ya ɗauki ƙaramar bindiga ba tare da lasin ba. Jihar Niyu Yok kuwa tun 1911 ta ke neman lasin a hannun mai ƙaramar bindiga.

Sai mu lura da wannan da kyau. Lasin tuƙin mota na jiha ɗaya yana aiki a dukan jihohi, amma lasin bindiga ba ya yin haka. Waɗansu jihohi sun yi yarjejeniya suna karɓar na juna. Niyu Yok, da Niyu Jasi, da Kalifoniya ba su karɓar na kowa. A 2022 Kotun Ƙoli ta soke sharaɗin Niyu Yok mai cewa sai mutum ya nuna dalili na musamman kafin a ba shi lasin. Duk da haka hukuncin bai tilasta wa wata jiha ta karɓi lasin wata ba. A shekaran nan kuma Niyu Yok ta lissafta wuraren da ko mai lasinta ba zai shiga da bindiga ba, kamar makarantu, da asibitoci, da jirgin ƙarƙashin ƙasa.

2. Dokar mai wucewa

To, yaya mutum zai yi in hanyarsa ta ratsa irin jihohin nan? A 1986 majalisar ƙasa ta yi doka domin mai wucewa. Sharuɗanta ke nan. Na fari, ya zama doka ta yarda masa da bindigar a inda ya tashi, da kuma inda za shi. Na biyu, ya cire harsashi duka. Na uku, bindiga da harsashi su kasance inda hannun na cikin mota ba zai kai ba, watau cikin but. In motar ba ta da but, sai a sa su cikin akwati a kulle. Ɗan aljihun nan na gaban mota bai isa ba.

Dokan nan ta mai wucewa ce kaɗai. In jihar mai tsanani ita ce masauƙinsa, ba ta amfane shi da kome ba. Wanda ya yada zango ya kwana, ko ya ratse gaishe da dangi, shi ma yana iya fita daga inuwarta. A waɗansu wurare kuma 'yan sanda su kan kama mutum tukuna, sa'an nan ya kawo hujjarsa gaban alƙali. Kafin a sake shi ya riga ya kwana a tsare, ya kuma biya lauya.

3. Misalai biyu

A 2013 wata mace daga Filadalfiya, mai 'ya'ya biyu, ta shiga Niyu Jasi a mota. Tana da lasin jihar Fensilbaniya, gama ta sayi bindiga bayan an yi mata fashi. Ɗan sanda ya tsai da ita saboda laifin tuƙi, ita kuwa da bakinta ta gaya masa tana da bindiga da lasin. Nan take aka kama ta. Laifin nan a Niyu Jasi mafi ƙarancin hukuncinsa shekara 3 da rabi ne. Ta yi makonni a tsare, sai a 2015 Gwamna Chris Christie ya yi mata gafara. Kogi ɗaya ne ya raba garinta da jihar da aka kama ta.

A 2005 wani mutumin jihar Yuta ya tashi a jirgin sama za shi Fensilbaniya. Ya sa bindigarsa a akwati bisa ga ƙa'ida. Jirginsa ya makara, da ya sauka a Nuwak cikin Niyu Jasi ya tarar na gaba ya tashi. Ya karɓi kayansa ya kwana a otel. Da safe ya koma, ya sanar da ma'aikata akwai bindiga a akwatinsa, aka kama shi. Daga baya aka janye ƙarar, shi kuwa ya kai kuka kotu. A 2010 kotun ɗaukaka ƙara ta ce dokar 1986 ba ta rufe shi ba, domin daren nan bindigar tana kusa da hannunsa.

Mutanen nan biyu ba su yi nufin mugunta ba, ba su kuma ɓoye kome ba. Rashin sani ya fi dare duhu.

4. Ƙananan abubuwa masu jawo babbar wahala

Gidan harsashi: Niyu Yok da Niyu Jasi sun ƙayyade shi ga harsashi 10. Wanda ya fi haka laifi ne, ko da babu kome a ciki.

Ma'anar ɗuri: a Niyu Yok, in bindiga da harsashinta suna hannun mutum ɗaya, doka tana lissafta ta mai ɗuri, ko da an cire harsashin.

Ruwan barkono na fesawa: jihohi duka sun yarda da shi, amma da iyaka. A Niyu Yok sai mai shekara 18 zuwa sama, kuma a wurin mai kantin magani ko dillalin bindiga mai lasin a ke sayensa. Ba a aiko shi ta gidan waya.

Jirgin sama: makami ba ya shiga jakar hannu. Bindiga sai babu harsashi, cikin akwati mai tauri a kulle, a sanar a wurin awon kaya. A 2023 masu bincike sun kama bindigogi 6,737 a ƙofofin shiga jirgi. In jirgi ya sauke mutum inda bai yi niyya ba, kada ya karɓi akwatin, ya roƙi kamfanin ya riƙe shi har masauƙi.

5. Abin da ya shafi namu

Ga magana mafi nauyi ga 'ya'yanmu. Dokar ƙasa ta hana wanda ya shiga da bizar karatu ko ta ziyara ya riƙe bindiga ko harsashi, sai kaɗan da aka keɓe, kamar mai lasin farauta. Mai takardar zama na dindindin yana iya mallaka bisa ga dokar jiharsa. Amma in kotu ta same shi da laifin bindiga, ana iya korarsa daga ƙasar bayan ya gama hukunci. Wahalar shekaru, da kuɗin makaranta da iyaye suka tara, da abincin iyali, duka su tafi saboda tafiyar yini ɗaya.

Domin wannan, kafin a ɗaura kaya, a rubuta sunan kowace jiha da hanya za ta ratsa. A tambayi ofishin 'yan sandan jihar ko na babban lauyanta, gama dokokin nan suna sakewa, labarin bara ba ya isa bana. Kada a dogara ga maganar aboki. In an tambaya ba a sami amsa sarai ba, a bar makamin a gida a kulle. Matambayi ba ya ɓata. Masu 'ya'ya a can, ku karanta musu darasin nan sa'ad da kuka yi waya da su.

Tambayoyi

1. Ina bambancin lasin tuƙi da lasin bindiga a Amurka?
2. Faɗi sharuɗa uku na dokar 1986.
3. Don me dokan nan ba ta taimaki mutumin Yuta ba?
4. Wace hasara ce ta fi kurkuku nauyi ga baƙo?