Yashe Magudana: Darasi Domin Mai Roƙo da Ya Gaji

Karatu: Fitowa 17:8-13, 1 Sarakuna 19:1-18, Romawa 8:26-34

Darasin wannan mako naka ne, kai da ka ɗauki nawayar yin roƙo domin waɗansu, ko a taron addu'ar asuba, ko kai kaɗai cikin ɗakinka. Haka ke ma 'yar'uwa ta zumuntar mata. Ka buɗe Littafi Mai Tsarki ka karanta wuraren nan uku tukuna, sa'an nan ka dawo mu yi nazari tare.

A watan Afrilu 2023, da yaƙi ya ɓarke a Khartum tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF, ikilisiyoyi da yawa sun tashi da addu'a da azumi. A lokacin, garin Wad Madani na jihar Jazira ya zama mafaka ga dubban mutanen da suka gudu daga babban birnin. A Disamba 2023 shi ma ya faɗa hannun RSF, waɗanda suka yi gudu sau ɗaya suka sake ɗaukar kaya a ka. Sai a Janairu 2025 sojoji suka karɓe shi. To, ka tambayi kanka tsakani da Allah: yaushe rabonka da ambaton Sudan a gaban Ubangiji? Ba domin a kunyata ka muka yi tambayar ba. Haka yakan faru da kusan kowane mai roƙo. Yakan fara da wuta, a kwana a tashi sai toka.

Ƙasar nan kuwa ba baƙuwa ba ce gare mu. A ƙauyukan Jazira da bakin kogin Nilu Shuɗi akwai Hausawa masu yawa. Kakannin waɗansu sun fito ne da niyyar zuwa Makka a ƙasa, suka tsaya neman guzuri a gonakin auduga, zama ya kama su. Waɗansu kuma sun bi Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, bayan yaƙin Burmi na 1903, har suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sinnar. Kusan dukansu Musulmi ne, harshenmu ɗaya, tuwonmu ɗaya. A Wad Madani kuma akwai ikilisiyoyin Almasihu, har da dayosis na Ikilisiyar Episkofal ta Sudan. Dukansu suna bukatar mai tsaya musu a gaban Allah, wanda ba zai daina ba don rediyo ta daina ba da labarinsu.

Daga gonakin Jazira ɗin nan za mu ɗauki misalinmu. A 1925 aka gama madatsar ruwa ta Sinnar. Daga nan ruwa yakan shiga babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙanana, har ya kai ga 'yan hanyoyin da manoman can suke kira Abu Ishirin da Abu Sitta, waɗanda suke shigar da shi cikin hawasha, wato gonar manomi ɗaya. Filin ya fi hekta 800,000, gangarar ƙasa ce kuwa take tura ruwan. Magudana ba ta da ɗigo ko ɗaya na kanta. Abin da aka zuba mata shi take kaiwa.

Amma shekara da shekaru babbar matsalar aikin nan ita ce laka. Nilu Shuɗi yana saukowa ne daga duwatsun Habasha, da damina yakan zo jawur da ƙasar da ya kwaso. In ruwan ya shiga magudana ya rage gudu, sai lakar ta kwanta. Ciyawa ta tsiro a kai. Ka lura da kyau: ba maƙiyi ne ya zo da dare ya toshe hanyar ba. Ruwan da take ɗauka domin amfanin waɗansu, shi ne ya bar mata laka. Kuma wanda yake fara shan wahala shi ne manomin da gonarsa take can ƙarshen magudana. Na kusa da bakin ruwa yana ta ban ruwa, bai ma san akwai matsala ba.

Haka rayuwar mai roƙo take. Kowane labarin da ka ɗauka zuwa gaban Allah yakan bar maka saura a zuciya. Ka yi roƙo domin mai ciwo wata shida, ya rasu, wani abu ya kwanta. Ka ji abin da aka yi wa mutanen ƙauyen Wad al-Nura a Yuni 2024, inda aka kashe fiye da mutum 100 a rana ɗaya, wani abu ya kwanta. Ka ji yadda rikicin ƙasar noma a jihar Nilu Shuɗi ya raba Hausawa da gidajensu a Yuli 2022, jininka ya tafasa. Ba ka daina addu'a ba. Har yanzu kana ambaton matarka da 'ya'yanka da fastonka, gama su ne na bakin ruwa. Na ƙarshen magudana ne suka bushe: na nesa, da wanda ka daɗe kana roƙo dominsa ba ka ga canji ba, da maƙiyi.

A nan za mu daɗe kaɗan, domin lakar da ta fi kowace kauri ita ce ɗacin rai. Mai roƙo domin waɗanda aka zalunta yana cikin hatsarin ƙin azzalumi, yana kuwa ganin ƙiyayyar tasa kamar kishin Allah ce. Ubangiji Yesu bai bar mana ƙofa a nan ba. A Matiyu 5:44 ya sa masu tsananta mana cikin waɗanda za mu yi wa addu'a. Labarin Jazira ma yana koya mana kada mu yi saurin raba mutane gida biyu. Ƙauyuka sun sha wuya a hannun RSF, sa'an nan a Janairu 2025 mazauna waɗansu kambo, wato unguwannin 'yan ƙwadagon gona, suka sha tasu a hannun mayaƙan da ke goyon bayan sojoji. In addu'arka ta zama ta ɓangare ɗaya, ka zama ɗan siyasa mai durƙuso. Ka duba Ayuba 42:10. Allah ya mayar wa Ayuba da abin da ya rasa ne a lokacin da ya yi roƙo domin abokan nan da suka ƙara masa ciwo da bakinsu. Sama'ila kuma, bayan jama'a sun ƙi shi suka nemi sarki, ya ɗauki barin yi musu addu'a a matsayin zunubi ga Ubangiji (1 Sama'ila 12:23). Gwaji mai sauƙi ke nan: akwai sunan da harshenka yake nauyin furtawa a addu'a? Nan lakar take. Ka faɗa wa Allah gaskiya cewa ba ka son mutumin, ka roƙi gafara, sa'an nan ka ambaci sunan, ko da zuciya ba ta bi ba tukuna.

Akwai kuma gajiya ta jiki kawai, wadda bai kamata a mai da ita zunubi ba. Iliya ne ya durƙusa a kan Dutsen Karmel har ruwan sama ya sauko bayan shekaru na fari. Ba a jima ba sai ga shi a jeji yana roƙon mutuwa saboda barazanar Yezebel. Me Allah ya yi masa? Bai fara da wa'azi ba. Ya bar shi ya yi barci, mala'ika ya tashe shi ya ci ya sha, ya sake kwanciya, aka sake tashe shi ya ci. Sai bayan haka aka yi maganar Horeb. Mun san akwai masu ganin kwana bakwai ba barci shi ne alamar ruhaniya. A ganinmu sau da yawa alamar taurin kai ce. Wanda ya yi azumi har ya zama masifaffe a gidansa, gara ya ci tuwo ya kwanta, gobe ya tashi ya yi roƙo da hankalinsa.

A Horeb ɗin Iliya ya bayyana ainihin ciwonsa: yana zaton shi kaɗai ya rage. Allah ya nuna masa akwai mutum 7,000 da ba su durƙusa wa Ba'al ba, ya kuma aike shi wurin Elisha. Musa ma a Refidim hannuwansa sun yi nauyi, ko da yake shi Musa ne. Ba a tsauta masa ba. Dutse aka kawo ya zauna, Haruna da Hur suka riƙe hannuwansa har faɗuwar rana. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Wane ne Harunanka? Wa ya san abin da kake ɗauke da shi, yake kuma yi maka addu'a da suna? Masu roƙo da yawa suna karɓar damuwar kowa, amma ba su taɓa buɗe baki sun ce a yi musu ba. Wannan girman kai ne da ya sa rigar tawali'u.

Yanzu ka koma Romawa 8. Aya ta 26 ta yarda a fili cewa akwai lokacin da ba mu san yadda za mu yi addu'a ba, sa'an nan Ruhu Mai Tsarki da kansa yake roƙo dominmu. Aya ta 34 ta nuna Almasihu a dama ga Allah yana yin aikin nan, Ibraniyawa 7:25 kuma ta tabbatar ba ya dainawa. Ashe kafin ka farka da asuba an riga an ambaci Wad Madani a sama. In ka yi barci, ba a bar Mai Wurno ba mai tsaro ba. Kai magudana ne, kogin yana wurinsa. Wanda ya mance da haka yakan soma ɗaukar amsar addu'a kamar a wuyansa take, in ta yi jinkiri sai ya zargi kansa ko ya yi fushi da Allah. Shi ya sa Ubangiji Yesu, bayan yinin da dukan gari suka taru a ƙofar gida a Kafarnahum, ya fita tun da sauran duhu zuwa wurin da ba kowa (Markus 1:35). In shi ya nemi keɓewa da Uba, balle kai.

Ga aikin da muka ba ka. Ka ware safiya ɗaya a wannan mako wadda ba za ka roƙi kome domin kowa ba. Ka ajiye takardar sunaye, ka karanta Ishaya 40:27-31 a hankali sau biyu, ka yi yabo, ka bar Ruhu ya nuna maka inda ya toshe. Kashegari ka ɗauki takardar, ka fara daga ƙasa zuwa sama, domin na ƙarshen magudana su sha ruwa da fari. Ka sa masu bi na Wad Madani a ciki, da shugabannin ikilisiyoyinsu, da waɗanda suka koma suka tarar da gidajensu wayam. Ka sa Hausawan Mai Wurno da na kambo, Allah ya ba su salama da amfanin gona, ya kuma bayyana musu ƙaunarsa cikin Almasihu. Ka sa masu riƙe da bindiga na kowane ɓangare. Kafin ranar Lahadi kuma, ka nemi ɗan'uwa ɗaya amintacce ka faɗa masa abu ɗaya da kake so ya roƙa dominka.